Wa ya taɓa hawa Bagazam? Ina neman shawara kan duwatsun Abzin

Abba Ɗan Dala:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san arewacin Nijar. Ni da wasu abokaina mun saba yawon hawan dutse idan an samu hutu, mun hau Shere a Jos, mun leƙa Mambila. Yanzu hankalinmu ya koma kan Bagazam, cikin duwatsun Abzin, arewa da Agadas, tunda an ce can ne wuri mafi tsawo a duk Nijar. Ta ina ake hawa? Sai da igiya da ƙusoshi ne, ko ƙafa ta isa? Wane wata ya fi? Kuma hanyar lafiya lau take? Wanda ya sani don Allah ya taimaka.

Baban Ummi Zazzau:
Wa alaikumus salam. Bakano da hawan dutse? Ai ku Dala kuka sani, shi ma sai da aka yi muku matakala. Ka fara zuwa Kufena mu ga numfashinka tukuna.

Abba Ɗan Dala:
Baban Ummi, Kufenan da awakinku ke hawa su sauko kafin azahar? Bari manya su yi magana.

Mushen Damagaram:
Ƙanena, kafin a yi nisa a gyara magana guda. Dutsen da ya fi tsawo a Nijar Gerebun ne, ba Bagazam ba. Haka muka karanta a lakkwal, wato makarantar boko, haka kuma na koyar da yara: mita 2,310. Yana can arewa da garin Iferwan, kusa da tuddan rairayin Temet.

Malamin Kuza, Jos:
Mushe, da girmamawa, wannan adadin tsohon awo ne. Ya daɗe a taswirori da littattafan makaranta, har wajen 2001 ana buga shi, shi ya sa ya zauna a kan mutane. Awon da ake aiki da shi yanzu ya ba Gerebun mita 1,944. Ƙololuwar Bagazam kuwa, wadda Abzinawa ke kira Idukal-n-Tages, mita 2,022 ce, tana ƙarshen arewa na tudun. Ko Tamgak ma, da mita 1,988, ya ɗara Gerebun. Abba bai yi kuskure ba.

Mushen Damagaram:
To me ya sa jirgin shugaban ƙasa da aka sayo a 2014 aka sa masa sunan Gerebun? Gwamnati ba ta san dutsenta ba ne?

Malamin Kuza, Jos:
Ai jirgin da ya gabace shi sunansa Bagazam ne, Mushe. An riga an ba babban nasa, sai aka waiwayi ƙanen.

Tsohon Direban Agadas:
Salamu alaikum. Ku bar gardamar mita, yaron nan tambaya ya yi. Ɗana, ni na yi tuƙin kat-kat, motar shiga rairayi, da masu yawon buɗe ido tun lokacin da jirage ke sauke Turawa kai tsaye a Agadas, kafin abubuwa su lalace. Abu na farko da za ka cire daga kanka shi ne cewa Abzin dutse guda ne. Ƙasa ce guda ta duwatsu, daga kusa da Agadas har kusan iyakar Aljeriya, tafiyar kusan kilomita 400. Tuddai ne manya manya tsaitsaye, kowane da sunansa, Tarwaji, Bagazam, Tamgak, Gerebun, tsakaninsu ƙoramu masu rairayi da ƙayoyi da goriba. Gabas da su sai Tenere, rairayi har inda ido ya ƙare.

Bagazam ba tsini ba ne irin wanda kuke gani a hoto. Tudu ne mai faɗi, tsawonsa wajen kilomita 40, faɗinsa wajen 20, gefensa a tsaye kamar ganuwa. Daga Agadas za ka nufi arewa maso gabas, wajen Tabelot, ya fi kilomita 100, kuma kada ka auna shi da awon kwalta, mota na iya cinye maka yini. A gindin dutsen mota take tsayawa. Daga nan sai ƙafa da jaki. Hawan daga gindi zuwa farfajiyar sama zai kai mita 600 ko fiye, cikin tsagin dutse, kan manyan duwatsu baƙaƙe. Akwai wuraren da kofaton jakai ya goge dutsen har yana sheƙi, nan ne mutum ke zamewa, ba wurin da ya fi tsayi ba. Igiya ba ka buƙatarta. Abin da kake buƙata gwiwa mai kyau da mutumin wurin da zai shige gaba.

Abba Ɗan Dala:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Amma gaskiya jikina ya ɗan yi sanyi. Idan har jaki na hawa da kaya, ai ba wani hawa ba ne. Mu abin da zai gwada mu muke nema.

Mai Albasa na Tabelot:
Lalle yaro man kaza. Abba, ni a gindin dutsen nan aka haife ni, dangin uwata kuma a sama suke zaune. E, a sama. Akwai garuruwa a kan Bagazam, da masallatai da lakkwal da rijiyoyi da garake. Ana noman tafarnuwa da albasa da dankalin Turawa da alkama da tumatir, ana kiwon awaki da raƙuma. Duk buhun da ka ga ya sauko, a bayan jaki ya sauko, duk buhun hatsi da sukari da shayi da ya hau, haka ya hau. Kakata da tsufanta tana saukowa kasuwa da takalmin fata, ta koma. Wannan gaskiya ne.

Amma na ga ƙattin birni, masu takalmin miliyan, sun zauna a tsakiyar hanya suna haki, jakin da ke ɗauke da kayansu ya tsaya yana kallonsu. Jakin Bagazam ba jakin garinku ba ne. Ya san inda zai sa kowace ƙafa, idan ya zo wurin da dutse ya yi tsayi sai ya tsaya, ya auna, ya yi tsalle guda da kaya a bayansa. Kai ka zo ka gwada bin sawunsa tukuna, sannan ka raina.

Baban Ummi Zazzau:
Shi ke nan, an samo wa Bakano malami. Abba ka je jaki ya koya maka.

Tsohon Direban Agadas:
Kuma isa farfajiyar sama ba shi ne ƙarewa ba. Kana can wajen mita 1,500 zuwa 1,700, ƙololuwar tana gaba, sai ka ratsa tudun zuwa arewa. Saman ba shimfiɗe yake kamar fili ba, tarin duwatsu ne masu kumburi, wasu sun fi ɗaki girma, hanya na kewaya su. Nan ne baƙo ke ɓata, don ko'ina kama da ko'ina. Hawan ƙarshe sai ka haɗa da hannu. Ka ware kwanaki, kada ka yi lissafin hawa da safe sauka da yamma.

In kuwa wahala kake nema da gaske, Tamgak na nan gabas da Iferwan. Shi babu garake a sama, babu kasuwa. Bango ne na dutse da kwazazzabai masu zurfi, wasu rana ba ta leƙa cikinsu sai tsakar rana. A cikinsu akwai ruwan da ke kwanciya a kwarmin dutse, ya daɗe bayan damina, Abzinawa na ce masa agelman. Duk tafiyarka a kan waɗannan ruwaye take rataye. Ja-gora zai ce maka gobe za mu kwana a ruwa kaza, idan kun je ya ƙafe, to lissafi ya canja, kuma shi kaɗai ya san na gaba. Akwai bangayen da sai da igiya, na kai Turawan da suka zo don su kaɗai. Amma ka sani idan ka faɗi ka karye a can, babu wanda zai zo da jirgi ya ɗauke ka. Raƙumi ne zai fitar da kai zuwa inda mota ke iya zuwa.

Malamin Kuza, Jos:
Bari in ƙara wani abu da zai ba Abba sha'awa tunda ya hau Shere. Duwatsun da ka taka a Jos da waɗanda kake son takawa a Abzin dangi ne. Jeri guda ne da ya taso daga Abzin, ya bi ta Damagaram da Muniyo, ya shigo kudancin Kano da Bauci, ya ƙare a Filato da Nasarawa. Asalinsu narkakken dutse ne da ya taso daga cikin ƙasa ta tsagogi masu zagaye, ya daskare, daga baya iska da ruwa suka cinye abin da ke rufe da shi. Shi ya sa idan ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam a wayarka ka duba Abzin, za ka ga da'irori baƙaƙe a jere daga kudu zuwa arewa. Bagazam ɗaya ne daga cikinsu. Akwai ma wata da'ira a arewacin yankin da faɗinta ya kai kilomita 65, tana cikin mafiya girma irinta a duniya.

Abin da ya fi burge mu masu wannan karatu shi ne shekarunsu na raguwa yayin da kake yin kudu. Na Abzin sun haura shekara miliyan 400, na Damagaram wajen miliyan 300, na Jos ba su kai miliyan 200 ba. Kuma dangantakar ba a takarda kawai take ba: kuzar da ta tara mutane a Jos, an haƙa irinta a Elmeki da Tarwaji a kudancin Abzin. Baƙaƙen duwatsun da za ka gani kwance cikin wasu ƙoramu kuwa, wannan aman wuta ne na baya-bayan nan idan aka kwatanta. Ruwan da ke zubowa kusa da garin Timiya a kan irinsu yake zuba.

Mushen Damagaram:
Miliyan 400. Wa ya ƙirga? Ku da kuka kasa tsayar da tsawon Gerebun wuri guda.

Malamin Kuza, Jos:
Mushe, wannan sai mun buɗe wani zaren daban, kuma sai ka kawo alli.

Bagobirin Tsibiri:
Ku yi ta awon duwatsu, mu dai gidanmu ne na da. Duk Bagobiri ya ji daga bakin kakanni cewa a Abzin muka zauna kafin mu gangaro kudu, Birnin Lalle, daga baya Alƙalawa. Abba idan ka hau ka gaishe mana da kufai. Kuma kai Bakano ba baƙo ba ne can. Unguwar Agadasawa a cikin birninku daga ina ta samo suna? Rawanin turkuɗin da Abzinawa ke ji da shi, a Kura ake rina shi.

Mai Albasa na Tabelot:
Gaskiya ne Bagobiri. Mutanenmu Kel Ewe, na Timiya da Bagazam, su ne masu ayarin gishiri. Bayan damina su ɗaure ciyawa a kan raƙuma su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ɗauko kantu da dabino, su dawo, sannan su yi kudu, Damargu da ƙasar Hausa, su sayar su sayi hatsi. Shi ya sa tsoffinmu Hausa a bakinsu kamar an haife su a Tasawa. Abba ba zai sha wahalar magana ba. Har dokin nan da ake yi wa kirari, Bagazam, sunan dutsenmu ne yake ɗauke da shi.

Hajiya Maman Sadiƙ:
Ni fa duk na karanta, kowa na ta zuba tarihi, babu wanda ya amsa tambayar yaron nan ta ƙarshe. Ya ce hanya lafiya? Abba, ɗana, ina da ɗa sa'anka, kuma da shi ne ya zo min da wannan magana, ba zan yarda ba. Yankin nan an yi tawaye a cikinsa daga 1990 zuwa 1995, aka sake daga 2007 zuwa 2009, kuma na biyun a Iferwan ya fara. An binne nakiyoyi a hanyoyi. A 2010 aka sace ma'aikata a Arlit. A farkon 2025 a cikin garin Agadas aka ɗauke wata Baturiya. Tun da aka samu zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, 'yan fashi suka ƙaru a hanyoyin arewa. Me za ka je nema? Wanda ya je neman abinci an san dalilinsa. Kai za ka kai kanka ne don ka ɗauki hoto a kan dutse.

Mai Albasa na Tabelot:
Hajiya, Allah ya bar zumunci, ba ki faɗi ƙarya ba ko ɗaya. Amma ki bar ni in faɗi nawa. Duk abin da kika lissafa, mu a cikinsa muke kwana muke tashi. Motocin albasa na fita daga Tabelot zuwa Agadas, daga can a yi kudu da ita har Akra da Abijan. Lemun Timiya da rumman da inabi suna isa kasuwar Agadas, har Yamai. Mata na zuwa awo, yara na zuwa lakkwal. Idan aka ce duk Abzin wuta ce, mu ke nan ba mutane ba ne?

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan tsoron na jimla shi ya kashe mana sana'a. Da, saurayi a Timiya ko Iferwan yana da abin yi: ja-gora, mai dafa abinci, mai raƙuma, maƙeri mai sayar da azurfa. Da baƙi suka ɗauke ƙafa, ina kike jin suka tafi? Ramin zinariya, ko tuƙin hanyar Libiya. Ni da Bakano zai zo ya hau dutsenmu ya biya mai jaki ya sayi cuku, wallai na fi kowa murna.

Hajiya Maman Sadiƙ:
Na ji ka, kuma Allah ya kawo muku sauƙi. Amma kai ɗan gida ne, an san ubanka, an san motarka. Shi fa? Baƙo da jakar baya da waya mai tsada, yana magana an ji harshen Kano. Uwarsa ba za ta ci albasar Tabelot ta ƙoshi ba in wani abu ya same shi.

Tsohon Direban Agadas:
Ku duka biyu kuna da gaskiya, sai dai kowa rabi ya riƙe. Abzin ba hali guda gare shi ba. Kudancinsa, wajen Tabelot da Bagazam da Timiya, akwai jama'a da zirga-zirga. Arewa can, wajen Gerebun da bakin Tenere da hanyoyin zinariya, wani abu ne daban, kuma ni a yanzu ba zan kai ɗan kowa can ba. Sannan labarin hanya ba ya kwana biyu bai canja ba. Abin da na gaya maka yau ba zai yi maka aiki bayan wata uku ba.

Ga yadda mai hankali ke yi. Ka zo da cikakkun takardunka. Ka sauka Agadas wurin wanda ya san ka ko aka haɗa ku. Ku je wurin hukuma a san da tafiyarku, idan an ce sai da rakiyar soji, to sai da ita, idan an ce a dakata, ka dakata, ka sha shayi ka kalli hasumiyar masallaci, mita 27 ta laka, ita ma abin gani ce. Kada ka yi tafiyar dare. Kada ka sa a Facebook cewa gobe kana wuri kaza. Kada direba ya bar sawun da motoci ke bi. Kuma ja-gora ya zama ɗan wurin da za a hau, ba wanda ya tare ka a tasha ba. Ɗan Agadas ma baƙo ne a kan Bagazam.

Anti Nas:
Tunda an taɓo lafiya bari in sa baki. Abba, ciwon da ke kama masu hawan dogayen duwatsu saboda ƙarancin iska yawanci sai an haura mita 2,500 yake farawa, don haka a Bagazam ba shi ne damuwarka ba. Ƙishirwa ce. Iskar wurin busasshiya ce, gumi na bushewa kafin ka gan shi, sai mutum ya ɗauka bai yi gumi ba. Ka riƙa duba fitsarinka, idan ya yi ja ka san kana baya. Ku tafi da gishirin haɗa ruwa na ORS da yawa, da maganin tsabtace ruwa, don ruwan kwarmin dutse dabbobi ma a nan suke sha. Bandeji na targaɗe, maganin ciwo, man leɓe. Takalmi kuma ka kakkaɓe shi kowace safiya kafin ka zura ƙafa, kunama na son ɗumi. Kuma kada wanda ya sayi sabon takalmi ya fara sa shi ranar hawa.

Abba Ɗan Dala:
Anti na gode. Wato zafi ne babbar matsala kenan. To sai mu bari sai damina, lokacin da gari ya yi sanyi?

Mai Albasa na Tabelot:
A'a! Kada ka kuskura. Damina a wurinmu gajera ce, Yuli zuwa Satumba, ruwan kuma ba yawa, Agadas da ƙyar take samun milimita 150 a shekara, Iferwan ko rabin haka ba ta samu. Amma dutse ba ya shan ruwa. Abin da ya zuba a sama duka ƙorama yake gangarowa lokaci guda. Kana zaune cikin rairayi busasshe, sama tas babu gajimare a kanka, sai ka ji ƙugi daga nesa. Kafin ka naɗe tabarma ruwa ya iso, ja wur, da itatuwa da duwatsu a cikinsa. Na ga garkar maƙwabcinmu, shekara da shekaru yana gyaranta, rijiya da injin ban-ruwa da bishiyoyin lemu, dare guda ƙorama ta mayar da wurin rairayi. Ka tambayi mutanen Agadas abin da ƙoramar Telwa ta yi musu a farkon Satumban 2009. Mu ko da rani ba mu kwana a tsakiyar ƙorama, balle da damina.

Tsohon Direban Agadas:
Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokaci. Daga Afrilu zuwa Yuni dutsen kansa ba ya taɓuwa da hannu da rana. Amma kai da kake tsoron zafi, sanyi ne zai ba ka mamaki. A kan Bagazam cikin Disamba da Janairu ruwa na daskarewa. Na tashi da asuba zan yi alwala, na karkata buta, babu abin da ya fito, na girgiza na ji ƙanƙara na ƙara a ciki. Sai da na ajiye ta gefen garwashin shayi. Ka zo da bargo na gaske da hular sanyi da safar hannu. Rawani ma ka koyi naɗawa, yana tare rana, yana tare ƙura, yana tare sanyi.

Abinci kada ka damu da gwangwanaye. Mutanen wurin za su yi maka tagella, gurasar da ake binnewa cikin rairayi mai zafi da toka, a kakkaɓe a marmasa cikin miya. Da rana kuma fura da cuku da dabino a dama. Ita ce ke kai ayari Bilma, ba za ta kasa kai ka ƙololuwa ba.

Baban Ummi Zazzau:
Tambaya ta gaskiya yanzu, ban da wasa. Akwai namun daji? Kada kura ta cinye mana Bakano mu rasa abokin tsokana.

Malamin Kuza, Jos:
Abin da ya rage kaɗan ne, amma mai ban mamaki. Akwai ragon dutse, da barewa, da rema. Akwai gwaggon biri a Tamgak, a tsakiyar Sahara, ragowar zamanin da yankin ke da dausayi, hamada ta zagaye su suka maƙale a kwazazzabai. A saman Gerebun akwai zaitun na daji. Shaidar wancan zamani na nan a zane a jikin duwatsu: a Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, akwai zanen raƙumin dawa da aka sassaƙa, tsawonsa ya haura mita 5. A 1988 gwamnatin Nijar ta keɓe gabashin Abzin da yammacin Tenere a matsayin gandun da aka kare, murabba'in kilomita 77,360. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1991, shekara guda bayan haka ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari saboda rikicin tawaye. Jiminar yankin kuwa farauta ta gama da ita a daji a waɗannan shekarun.

Mai Albasa na Tabelot:
Ragon dutse sai mai sa'a. Kashinsa za ka gani da sawunsa, shi kuwa yana can sama yana kallonka.

Abu guda nake roƙo, Abba, in Allah ya kawo ku. Idan kun isa gari a sama, ku fara zuwa gaida mai gari da liman kafin ku kafa tanti. Kada ku ɗauki hoton mata ba izini. Kada ku yi wanka da sabulu a ruwan da ake sha, ku ɗiba ku koma gefe. Itace kuma ku bar wa mai jaki ya samo, ya san wanda ake sara da wanda ba a taɓawa. Ledojinku ku sauko da su, awaki na ci suna mutuwa. Tsaraba kuwa shayi da sukari sun fi kuɗi daraja a hannun tsoho.

Mushen Damagaram:
Ni dai har yanzu ina nan kan bakata, Gerebun ya fi kwarjini ko da an rage masa mita. Wanda ya gan shi daga Temet, rairayi ya jingina da baƙin dutse, ya san abin da nake faɗi. Kuma in tsawo ake nema, Abba bai ma buƙatar fasfo. Chappal Waddi a Taraba mita 2,419 ne, ya fi duk abin da muke da shi. Emi Kusi na Tibesti a Cadi ya haura 3,400.

Abba Ɗan Dala:
Mushe, Taraba na cikin lissafi, amma yanzu maganar garuruwan da ke saman dutsen nan ta fi ƙololuwar ja na. Ga abin da muka tsayar da abokaina a daren nan: Bagazam kawai, ban da Tamgak da arewa, cikin Disamba, kuma sai Baba Direba ya ce hanya ta yi. Hajiya, na ji maganarki, zan kuma gaya wa mahaifiyata komai kafin in sayi ko igiyar takalmi. In ta ce a'a, an gama.

Hajiya Maman Sadiƙ:
Ka karanta mata abin da na rubuta, ba abin da Mai Albasa ya rubuta kaɗai ba.

Tsohon Direban Agadas:
Kada ka rataya a wuyana ni kaɗai, ɗana, ni yanzu zaman gida nake yi, labarina na jiya ne. Idan Nuwamba ta kama ka sake tayar da maganar nan. Mai Albasa ya haɗa ka da direbobin da ke sauke kaya daga Tabelot a tashar Agadas, su ne ke bin hanyar kowane mako, su suka san inda aka tare mota da inda ƙorama ta cinye hanya. A Disamba kuma ana yin bikin Abzin a Iferwan, idan an sanar za a yi shi a shekarar, motoci na yawaita, jami'an tsaro ma haka.

Mai Albasa na Tabelot:
Zan haɗa shi da su in sha Allahu. Abba ka turo mini saƙo ta gefe, ka gaya mini ku nawa ne da nauyin kayanku, don in san jakai nawa za a nema. Ruwa kaɗai zai ci jaki guda.